King Animal: Dawowar Soundgarden Bayan Shekara 16

King Animal shi ne faifai na 6 na ƙungiyar Soundgarden, wadda aka kafa a birnin Seattle na Amurka a 1984, kuma ɗaya daga cikin jigogin salon kiɗan rok da ake kira grunge, mai kaurin jita da waƙoƙin ƙunci. Faifan ya fito a Nuwamba 2012, shekara 16 bayan faifansu na baya, Down on the Upside.

Ƙungiyar ta watse a 1997, kowa ya kama gabansa. Mawaƙinta Chris Cornell ya kafa ƙungiyar Audioslave tare da tsofaffin 'yan Rage Against the Machine, mai ganga Matt Cameron kuwa ya koma Pearl Jam a 1998. Sai a 2010 suka sake haɗuwa da sauran 'yan Soundgarden, Kim Thayil da Ben Shepherd.

A King Animal, ba su bi yayin zamani ba. Jitar Thayil tana nan da nauyinta, ga kiɗa mai karkataccen ƙirge, sai dai muryar Cornell ta ɗan dushe da shekaru, abin da ya ƙara mata armashi. Faifan ya shiga jadawalin Billboard 200 a matsayi na 5. Cornell ya rasu a Detroit a Mayu 2017, kafin su kammala faifai na gaba.