Asabar Ɗaya a Gida Ba Ta Yanke Zumunci

Saura mako uku a yi Babbar Sallah wata ƙanwata, malamar firamare mai 'ya'ya huɗu, ta kira ni muryarta na rawa. Laifinta ɗaya ne: ranar Asabar ba ta je yinin bikin 'yar ƙawar gwaggonmu ba. Ta aika da gudunmawa, ta yi waya ta ba da haƙuri, ta ce jikinta ba ya mata daɗi kuma wanki ya taru mata. Kafin magariba magana ta zaga dangi cewa wance ta fara girman kai, boko ya hau mata ka, ta yar da zumunci. Washegari Lahadi sai ga ta a wani gidan suna a can Ɗorayi, idanu jawur, ta je wanke kanta. Litinin da ƙarfe takwas kuma tana gaban allo da yara sama da hamsin.

Na gaji da ganin wannan abu, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Duk shekara, da zarar watan Zulƙida ya kama, Asabar da Lahadi sukan tashi daga hannun mai su su koma hannun jama'a, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin riƙe ko da rabin yini sai a manna masa suna.

Hutun ƙarshen mako dai kowa ya san shi. Tsarin aikin ofis ne ya kawo mana Asabar da Lahadi, makarantun allo kuwa Alhamis da Juma'a suka sani tun tale-tale. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci kwana ɗaya cur, awa 24 a jere, a cikin kowane kwana bakwai. Jihar Kaduna ma ta mayar da aikin gwamnati kwana huɗu a mako a Disambar 2021. Tela da bakanike da mai tebur a kasuwa kuwa, sau da yawa ko kwana ɗayan ba su gani. Wannan ke nan a takarda.

A aikace fa? Ka ɗauki Asabar guda a Kano, mako biyu kafin Sallah. In ta dace da ta ƙarshen wata, ba fita da sassafe saboda tsaftar muhalli. Ƙarfe goma sha ɗaya ɗaurin aure a Fagge, bayan azahar wani a Hotoro. Ga sallama da kawu da zai tashi aikin Hajji. Ga yadin yara da ba a sayo a Kantin Kwari ba, ga tela yana cewa in ba a kawo yau ba kada a kawo. Ga ta'aziyyar da aka yi ta ɗagawa tun Laraba. Ga rago, wanda maigida ya kasa zuwa Wudil ranar Juma'a ya duba saboda yana wurin aiki. Uwargida kuma ga kitso, ga cefane, ga kai yara Islamiyya, ga ankon da aka fitar wanda sai an sa shi an je an zauna tun la'asar har isha. Mutum ɗaya, jiki ɗaya, kuma taura biyu ma ba ta taunuwa, balle bakwai.

To ga inda kuskuren yake, kuma nan zan daɗe. Mutane da yawa sun ɗauka cewa zumunci shi ne a ga fuskarka a kowane taro, kuma wanda ya zauna gida don ya huta ya aikata wani abu mai kama da yanke zumunta, abin da addini ya yi mummunan gargaɗi a kansa. Daga nan sai a ɗauko karin maganar nan ta zumunci a ƙafa yake a buga wa mutum a ka. Karin maganar gaskiya ce, amma a tuna lokacin da aka yi ta. Dangi suna unguwa ɗaya, wani lokaci ma zaure ɗaya ake shiga. Ka fito daga masallaci ka leƙa gidan baffa, ka zaga lungu ka gai da inna, ka dawo tuwo bai huce ba. Yau 'ya'yan mutum ɗaya wani yana Rijiyar Zaki, wata tana Mariri, wani Zariya, wani Abuja. Ƙafar ta koma kuɗin a-daidaita-sahu da awa biyu a cunkoso, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Wanda yake karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata, in ya ce sai ya taka kowane taro da ƙafarsa, ranar Sallah 'ya'yansa za su kalli na maƙwabta.

Sannan su taron nan ba matsayinsu ɗaya ba, mu ne muka zuba su a ƙwarya guda. Jana'iza farilla ce ta kifaya, in wasu suka tsaya sun ɗauke wa saura. Amsa gayyatar walimar aure malamai sun ƙarfafa ta ƙwarai, amma su ɗin dai sun yarda akwai uzurin da ke sauke ta, kamar rashin lafiya. Duba mara lafiya da kula da iyaye, waɗannan manya ne. Amma kamu, da dina, da yinin kitso, da rakiyar zaɓen akwati, da zaman ɗaukar hoto cikin anko, wane littafi ne ya ɗora su a wuyan kowa? Al'adu ne, wasu masu daɗi, wasu ma jiya-jiya aka ƙirƙiro su. Abin takaici, sai ka ga matar da ba ta taɓa fashin dina ba ta yi wata biyu ba ta leƙa kakarta da ke kwance ba, kuma ita ce a bakin dangi mai zumunci. Wadda ke kai wa tsohuwar magani a ɓoye duk wata, don ta rasa biki ɗaya, ita ce mai girman kai. Wannan awo ne da mudun da ya huje.

Masu ganin hutu lalaci ne su koma su karanta labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, wanda Bukhari ya ruwaito. Salmanu ya ziyarci ɗan'uwansa ya tarar da matarsa a yamutse, don mijin ya duƙufa azumi da tsayuwar dare ya manta da gida. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da mai gidan ya ci, ya hana shi tashi sallar dare sai can ƙarshen dare, ya kuma tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, haka ransa, haka iyalinsa. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. To in nafila ba ta isa ta cinye haƙƙin jiki da na iyali ba, yaya za a yi yinin biki ya cinye?

Jiki kuma magayi ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu ta shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da dogon aiki. Sun ce mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100 idan aka kwatanta da mai awa 35 zuwa 40. Aikin neman abinci suka ƙirga, na sani, amma zuciya ba ta tambaya ko tsayuwar ta ofis ce ko ta gindin murhun gidan biki. Likitoci suna cewa baligi yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Ka tambayi uwar gida nawa take samu a goman farko na Zulhajji. Mu da hawan jini ya zama kamar gaisuwa a tsakaninmu, sai mutum ya yanke jiki ya faɗi mu taru muna cewa ai jiya-jiya muka gan shi a ɗaurin aure, garau. Ƙwarai kun gan shi, a ɗaurin aure na uku a rana ɗaya.

A nan dole in ce wa maza wani abu. Mu muna da majalisa, muna da shayin dare da kallon ƙwallo, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan yanke zumunci. Ɗaurin aurenmu minti ashirin ne, a shafa fatiha a watse. Na mata yini ne, wani lokaci kwana uku. Ranar Sallah mu yanka mu feɗe mu wanke hannu, su kuma su kwana biyu a kan suya, hayaƙi a ido. Duk namijin da bai taɓa tambayar matarsa yaushe rabonta da barcin rana ba, kada ya sa baki in ana zancen gajiya.

Kada kuma wani ya ɗauki maganata ya yi garkuwa da ita. Akwai masu kashe waya tun daren Juma'a da sunan hutu, uwarsu na gari ɗaya da su amma sai Sallah take ganinsu. Wannan ba da shi nake ba, kuma ya ji tsoron Allah. Tsadar rayuwa da gasar nuna isa da wayar da ba ta barin mutum ya ɓuya, duk suna da nasu kason a matsalar.

Abin yi kuwa yana farawa ne daga ƙirga. Da an ga watan Zulƙida, ka ɗauko kalanda kai da iyalinka ku ƙirga Asabar da Lahadin da suka rage, za ku ga ba su fi goma sha biyu ba. Ku fara cire na iyaye da marasa lafiya, waɗannan ba a ciniki a kansu. Sai ku cire rabin yini ɗaya a kowane mako ku ce wannan na gida ne, ku riƙe shi kamar yadda ake riƙe alkawarin ganin likita. Safiyar Lahadi ta fi sauƙin karewa, don yawancin taro bayan azahar yake. Abin da ya rage shi za a raba wa bukukuwa, kuma raba shi za a yi da gaske: maigida ya je ɗaurin auren Fagge, ƙaninsa ya wakilci gida a na Hotoro, uwargida ta zaɓi rana ɗaya cikin kwanakin biki, ba duka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma dangin da suka kai mutum talatin ba dalilin da zai sa mutum biyu su ɗauki dukan zirga-zirga don kawai su ne masu mota ko masu kunya.

Ɗinki a kai shi tun Shawwal, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kai wa tela yadi saura kwana biyar ya sayi zaman shago na dare uku da kuɗinsa, kuma shi ma telan ɗan wani ne, yana da iyali. Kayan miya masu ajiyuwa, man gyaɗa, gawayi, a saye su da yammacin ranakun aiki kaɗan-kaɗan. Layya kuma sunna ce mai ƙarfi ga mai hali, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi rago ɗaya ya isar wa mutum da iyalin da ke ƙarƙashinsa in ya sa su a niyyar lada. Kwanakin yanka uku ne. Ba dole ka ƙarar da Asabar biyu kana yawon kara kana neman wanda ya fi na maƙwabci ƙaho ba. Masu tahowa daga Abuja ko Legas, in da hali ku nemi hutun shekara ku haɗa da na Sallah, kada mutum ya tashi aiki da yamma ya kama tuƙi cikin dare da gyangyaɗi don kawai a ce ya iso jajibere. Yawon Sallah ma ba a ce sai an gama shi a kwana biyun da gwamnati ta saba bayarwa ba. Gaisuwar da aka kai ranar Talata da yamma, aka zauna aka sha fura aka yi hira, ta fi ta ranar Idi da ake yi a tsaye, takalmi a ƙafa.

Mafi wuya shi ne faɗin ba zan samu zuwa ba. Kara ce ke cin mu. Sai mu ce in sha Allahu alhali mun san ba za mu je ba, a dafa da mu, a ajiye mana kujera, sannan mu ɓace. Wannan ya fi ƙin zuwa ciwo, kuma wasa ne da sunan Allah. Faɗa da wuri, faɗa da bakinka, kada ka aika yaro. Kada ka ƙirƙiro ciwon ƙarya ko tafiyar da ba ka yi ba, don dangi ba a ɓoye musu, wani zai gan ka a bakin titi. Dattawan gida kuma, ku ne za ku kashe wutar nan. In aka fara cewa wance ba ta zo ba, kalma ɗaya daga bakin Hajiya babba, cewa ta kira ni na ba ta izini, ta isa ta rufe zancen.

Abin da na ce wa ƙanwata ke nan. A bikin da ya biyo baya ta kira gwaggo tun ranar Talata ta ce, "Gwaggo, ki yi mini afuwa, Asabar ba zan samu fitowa ba, na gaji ƙwarai. Amma Alhamis in na taso makaranta zan biyo in taya ki tankaɗe da yankan cincin." Gwaggo ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To Allah ya kai mu, ki taho mini da rariyarki, tawa ta yage."