Itatuwan Tunawa da Sojoji a Ostareliya

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Potiskum ya rubuto yana cewa, wai da gaske ne akwai ƙasar da ake dasa wa kowane soja itace, har a sa wa itacen sunansa?

AMSA: To Malam, gaskiya ne, ba almara ba ce. Ƙasar da ta fi yin suna a wannan al'ada ita ce Ostareliya, kuma abin ya bunƙasa ne a dalilin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918.

A lokacin, jama'ar ƙasar duka ba su kai miliyan 5 ba, amma sama da mutum 400,000 suka shiga soja, kimanin 60,000 kuma ba su dawo ba. Wani abin da ya ƙara wa iyaye zafi shi ne, ba a maido da gawarwakin gida. Can aka binne su a Galifoli ta ƙasar Turkiyya, da Faransa, da Beljiyam. Ka ga ke nan uwa ba ta da kabarin da za ta ziyarta. To, sai itace ya zama madadi.

Mafi shahara shi ne titin da ke garin Balarat, a jihar Biktoriya. Mata ne suka tsaya a kai, wato ma'aikatan wani kamfanin ɗinka tufafi mai suna Lucas. Su suka tara kuɗi, su kuma suka fita suka yi dashen. An fara a watan Yuni na 1917, yaƙi na kan ci, aka kammala a 1919. Itatuwa fiye da 3,700 aka jera dama da hagu, tsawon kilomita 22. A 1920 ɗan Sarkin Ingila mai jiran gado ya zo ya buɗe babbar ƙofar da aka gina a bakin titin.

Abin da ya fi burge ni, Malam, shi ne tsarin jerin. Ba a bi muƙami ba, an dai yi ƙoƙarin bin wanda ya riga wani shiga soja. Saboda haka sai ka tarar da itacen hafsa kusa da na farabiti. Kuma ba mamata kaɗai aka yi wa ba, duk wanda ya je yaƙin daga garin yana da nasa, har da mata masu jinya. A gindin kowane itace akwai ɗan allon tagulla mai ɗauke da suna da rundunar mai shi.

Sai dai fa itace abu ne mai rai. Wasu irin da aka dasa ba su jure ƙasar wurin ba, wasu fari da tsufa suka kashe, wasu kuma aikin hanya ya ci. Idan ɗaya ya mutu, akan dasa sabo a gurbinsa, allon sunan kuma ya zauna inda yake.