Mece ce manhaja mai buɗaɗɗen tushe?

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, ake ta maganar sirrin waya, masana kuma na yawan ambaton irin wannan manhaja. Ita ce wadda masu ita suka baje umarnin da aka gina ta da shi a fili, kowane masani ya duba. In tana kwashe lambobi ko hotuna a ɓoye, da wuya asirinta bai tonu ba.

Ana samun irin waɗannan manhajoji a F-Droid, rumbun manhajojin Android da aka kafa a 2010, kyauta, ba a neman suna ko imel. Manhajar saƙo ta Signal kuwa, wadda ita ma mai buɗaɗɗen tushe ce, tana Play Store. Tana kulle saƙo yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya karantawa.

Mutanen Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi sun san wahalar rashin layi, tun da aka katse sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021. A irin wannan hali, wasu manhajoji masu buɗaɗɗen tushe na da amfani: Organic Maps tana nuna hanya ba intanet, muddin an sauke taswirar tun da wuri. LocalSend tana tura fayil tsakanin wayoyin da ke kan Wi-Fi ɗaya, ba talla.

A ganina, ɗan kasuwar Shinkafi da ɗalibin kwalejin fasaha ta Kaura sun fi kowa buƙatar lura. Manhajojin bashi da dama kan nemi izinin shiga lambobinka, ranar da ka makara wajen biya su aika wa danginka saƙon cin mutunci. Kafin ka danna amincewa, duba abin da manhajar ke nema.