Ƙuntatar jijiyar wuya: yadda likitoci ke buɗe ta ta wuyan hannu

A Madarunfa, Ɗan Isa ko Safo, idan dattijo ya ji hannunsa ya mutu, bakinsa ya karkace ko harshensa ya yi nauyi, sannan ya warware bayan ƴan mintoci, sau da yawa sai a ce iska ce ta taɓa shi, a yi hamdala a manta. Likitoci kuwa gargaɗi suke ɗaukar wannan: shanyewar ɓarin jiki na iya biyowa cikin kwanaki kaɗan.

Ɗaya daga cikin sanadin shi ne ƙuntatar manyan jijiyoyi biyu na wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa. Maiƙo ne ke taruwa a bangonsu, musamman ga mai hawan jini, ciwon suga ko mai shan taba. Idan ɗan ɓarɓashi ya ɓalle, sai ya toshe wata ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa.

Tun shekarun 1950 ana tsaga wuya a kankare maiƙon. Daga baya aka samo hanyar da ba ta buƙatar tsagawa: a zura siririn bututu cikin jijiya, a bi shi da hoto har wurin da ya ƙuntata, a girka wata ƴar ragar ƙarfe da za ta riƙe jijiyar a buɗe. Kafin nan ana kafa ƴar matata a gaba don tare ɓarɓashi.

An saba shiga ta matsematsi. Shiga ta wuyan hannu daga likitocin zuciya aka aro ta: Lucien Campeau ya bayyana ta a Montreal ta Kanada a 1989, sannan Ferdinand Kiemeneij na Amsterdam ya sa ragar zuciya ta nan a farkon shekarun 1990. Amfaninta a fili yake. Zubar jini ya fi sauƙin tsayarwa, kuma maras lafiya kan tashi zaune nan take maimakon ya kwana-kwana a miƙe na sa'o'i. Sai dai jijiyar hannu siririya ce, takan matse bututun, kuma lanƙwasa daga hannun dama zuwa jijiyar hagu aiki ne na gwani. Ba kowa ne ragar ta dace da shi ba: babban binciken CREST na 2010 a Amurka da Kanada ya nuna waɗanda suka haura shekara 70 sun fi samun sa'a da tsagawar.

Ko wace hanya za a bi, ta fi amfani cikin mako biyu bayan gargaɗin farko. Don haka matakin da ke hannun mutumin Madarunfa shi ne zuwa asibitin gunduma a ranar da abin ya faru, ko da ya warware, a auna hawan jini da suga, a nemi takardar turawa Maraɗi don hoton ekografi na wuya. Wanda aka sa wa ragar kuma sai ya riƙa shan asfirin da clopidogrel yadda likita ya tsara, domin dainawa da kansa na iya sa jini ya daskare a cikinta.