Yadda masu gwajin manhaja ke juya agogon kwamfuta ba tare da sun kulle kansu a waje ba

Idan kwanan watan waya ya rikice, WhatsApp kan ƙi buɗewa sai an gyara, shafukan intanet kuma su riƙa gargaɗin cewa babu tsaro. Manhajoji da dama a kan agogo suka jingina, kuma akwai ranakun da ke kayar da su.

Ranar 31 ga Disamba 2008, na'urorin sauraron waƙa na Zune masu 30GB na kamfanin Microsoft suka daskare, saboda an yi kuskuren lissafin shekara mai kwana 366. A 2016 aka gano cewa mayar da kwanan watan wasu iPhone zuwa 1 ga Janairu 1970 na hana su tashi. Akwai kuma wadda ke tafe: 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, tsofaffin tsare-tsaren da ke ƙirga daƙiƙoƙi da bit 32 za su cika, lissafi ya koma 1901.

Mai gwaji ba zai zauna jiran 2038 ba, dole ya kai kwamfutar can yau. Matsalar ita ce kwamfutocin gwaji galibi suna wata cibiya mai nisa, ta intanet kawai ake taɓa su. Da an tura agogo gaba da shekara goma, takardun shaidar tsaro sai su zama tamkar wa'adinsu ya ƙare. Tsarin shiga na Kerberos kuwa ko bambancin da ya haura minti 5 ba ya yarda da shi. Sai mai gwaji ya tarar ƙofa ta rufe, mabuɗi na ciki. Mafi muni, aikin shara da aka tsara ya goge fayilolin da suka wuce kwana 30 zai ga komai ya tsufa, ya share.

Masu amfani da Docker su yi hattara: akwatunansa ba su da agogon kansu, na uwar kwamfutar suke kallo. Wanda aka ba izinin canza shi a akwati ɗaya ya canza wa kowa.

Shi ya sa hanyar da ta fi ita ce a bar agogon gaske a inda yake. A Linux akwai libfaketime, wanda ke shiga tsakanin manhaja da tsarin aiki ya faɗa mata lokacin ƙarya, ita kaɗai, sauran na'urar na tafiya daidai. Idan hakan bai isa ba, sai a tayar da kwamfutar cikin kwamfuta da QEMU, a ba ta ranar da ake so, a jefar da ita bayan gwaji.

Idan kuwa dole sai an taɓa na gasken, kada a ba gwajin cikakken iko. A ajiye ƙaramar manhaja guda a na'urar wadda ita kaɗai ke da izinin. Za ta hana wani gwajin shiga, ta dakatar da NTP, wato tsarin da ke daidaita agogo ta intanet, don kada ya gyara lokacin ana tsaka da aiki, sannan ta saita wa'adin mayar da komai ko da gwajin ya mutu a hanya. Wa'adin nan kuma da agogon da ke ƙirga tun tashin na'ura ake auna shi, domin shi sauya kwanan wata ba ya motsa shi.