Maleji Ba Shi Ne Mota Ba

A wajenmu, Fassi da sauran garuruwan Kibiya da Rano, cinikin mota yana da lokacinsa. Sai an gama kaka, an kai masara da shinkafa da waken suya kasuwa, kuɗi ya zauna a aljihu, sannan za ka ji wane zai shiga Kano duba mota. Ni da na daɗe ina jan motar haya tsakanin Kibiya, Rano da Kano kafin gwiwa ta ce in huta, a irin wannan lokaci ne ake yawan yi mini sallama: "Baba Direba, a taimaka a raka ni." Kuma tun ba mu kai Bunkure ba yaron zai fara yi mini karatu, wai an ce masa kada ya kusanci motar da malejinta ya haura dubu ɗari.

Amsata ba ta canzawa. Maleji shaida ne, amma cikin duk shaidun da ke jikin mota babu mai sauƙin saye kamarsa.

Da farko ma, dubu ɗari na me? Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, ta Jamus ko Beljiyam kuwa da kilomita, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6. Ke nan Corolla 'yar Amurka mai nuna 150,000 ta ci kusan kilomita 241,000, ta fi Golf 'yar Jamus mai nuna 200,000 tafiya nesa ba kusa ba. Dillalai da yawa sun san haka, sai dai ba la'adarsu ba ce su faɗa.

Sai lissafi na biyu, wanda ɗan firamare ma zai iya. A Amurka mota takan yi wajen mil 12,000 a shekara. Wadda ta shekara 15 ya kamata a gan ta kusa da 180,000. In ka tarar da ita tana nuna 68,000, dillali kuma yana rantsuwa wai wata tsohuwa ce ke hawa zuwa kanti kawai, to ka tambayi kanka tsofaffi nawa ne a ƙasar nan tasu, da har kowace mota a Kano tasu ce. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka da kanta ta ƙiyasta cewa a kowace shekara ana sayar da motoci sama da 450,000 da aka taɓa malejinsu, can inda ake ɗaure mutum a kan haka. Ina ga motar da ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas ko Kwatano, ta bi hannu uku kafin ta iso gare ka? A zamanin fijo sai an kwance agogon maleji an juya lambobi da hannu. Na yanzu mai lantarki, ƙaramar na'ura ake jonawa, kafin ka shanye shayi an rage wa mota shekara goma.

Ko da lambar gaskiya ce, ba ta gaya maka inda aka yi tafiyar ba, kuma a nan maganar take. Motar da ta yi kilomita 250,000 a kan shimfiɗaɗɗen titin Jamus, inji da zafinsa daidai, giya ɗaya tun safe, ana juye baƙin mai a kan kari, ba ta sha wuyar wadda ta yi 80,000 a hannunmu ba. Mu fa mun san abin da muke yi wa mota. Buhu takwas a but, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, akuya a ƙafa. Da damina a ratsa kwari da laka, da hunturu ƙura ta toshe matatar iska, mai shi ya kakkaɓe ya mayar. Lagireto ruwan rijiya ake ɗura masa har tsatsa ta ci shi. Baƙin mai kuwa sai ya yi kauri, kuma na awo ne a galan marar suna. Sannan duk awannin da mota ke yi a kunne cikin cunkoson Kano ko a tasha ana jiran cikon mutum ɗaya, inji yana ci, maleji yana barci.

Ƙarfe in ya samu kulawa yana da nisan kwana. Wani malamin makaranta a Amurka, Irv Gordon, ya sayi Volvo sabuwa a 1966, bai rabu da ita ba har ya rasu a 2018, ta haura mil miliyan 3. A Girka wani direban tasi ya yi kilomita miliyan 4.6 da marsandi ƙirar 1976. Ba sai mun je nesa ba ma. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wa ya san iyakar abin da suka ci a hanyoyin nan? Agogonsu ya mutu tun tuni, an sauke inji an sa zobe, sun ci gaba da kai mutane kasuwa.

Akwai kuma tarkon da masu kuɗi ke faɗawa: motar da aka ajiye. Alhaji ya saya ya rufe da tamfol shekara shida, maleji kaɗan, fenti na ƙyalli. Ka hau ta wata guda, sai ta fara ɗiga ta ko'ina, domin robobi sun bushe, man birki ya sha danshi, tayoyi sun tsattsage ko da zanensu bai goge ba. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Ka duba. Haka 'yar Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, sai ka ga sama amarya, ƙasa tsatsa ta cinye.

To me zan duba? Mai sayen sa a kara ba ya tambayar dillali shekarunsa, baki yake buɗewa ya ga haƙora. Robar birki da ta kuloci, sitiyari, kan giya, gefen kujerar direba: in sun sule, lambar kuma tana cewa 60,000, ɗayansu na ƙarya, kuma roba ba ta iya ƙarya ba. Leƙa jikin ƙofa da saman gilashi, wani lokaci takardar garejin da ya juye mai a can tana nan manne, da kwanan wata da malejin ranar. In 'yar Amurka ce, lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana nan a gindin gilashin gaba. Ka ba wani yaro mai waya ya bincika ta a intanet, sau da yawa tarihinta zai fito, har da ko ta yi hatsari ko ambaliya ta taɓa shanye ta.

Ni dai ba na yarda a nuna mini mota da rana tsaka an riga an ɗumama ta. Da sassafe nake so, in ji yadda za ta tashi da sanyinta. In tsaya bayan salansa: hayaƙi shuɗi, tana shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, gasket ya tafi, baƙi, fetur take zubarwa, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin ciwo ba ne. In buɗe murfin mai in ga ko ya yi fari-fari, alamar ruwa ya shiga. Sannan a hau ta, ba zagayen fili ba, a nemi gargada a ji ƙafafunta. Ka tafi da bakanikenka na gida, wanda in ta lalace shi za ka kai wa, ba wanda dillali ya kira ba. Ka kuma tambaye shi ko kayanta suna samuwa a Rano, ko aƙalla a Ƙofar Ruwa. Mota mai ƙaramin maleji da za a jira kayanta daga Legas, a Fassi ado ce kawai. Takardar kwastan ma a gan ta da ido.

Kada a ce na ce maleji banza ne. Yana rage kuɗin mota ranar sayarwa, don haka ka yi ciniki da shi. Kuma akwai kayan da shi ne ke faɗin ajalinsu. Bel ɗin taimin na Golf 3 ko fijo 406 ana so a canza shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000. In ya tsinke ana gudu, a injuna da yawa sai bawul sun lanƙwashe. Corolla ta 2003 zuwa sama sarƙa gare ta, ba ta da wannan fargabar. Giya mai canza kanta ita ma in ta yi nisa ba a taɓa canza manta ba, ka ware mata kuɗi tun yanzu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, wanda ya tayar da jijiyar wuya a kan maleji ranar saye, shi ne in wayar agogon ta tsinke ba zai gyara ba har abada. Alhali motar haya mai yin kilomita 200 a yini, kwana 300 a shekara, ta ci 60,000 ke nan, kuma da wannan lamba kaɗai za ka san ranar juye mai da ranar canza bel. 'Yan'uwana direbobi da masu shirin saye bana, ku gyara agogon nan, ku ajiye ɗan littafi a aljihun mota kuna rubuta duk abin da aka canza da lambar da aka canza shi. In kuma aka ajiye muku biyu, mai 250,000 da takardun gyaranta, da mai 70,000 da ba ta da mai shaida sai dillali, ku ɗauki ta farkon.