Maido da Ƙananan Itatuwa a Tsofaffin Filayen Haƙar Kuza

Gabatarwa

Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a tsaunukan Jos, musamman a yankunan Bukuru da Barikin Ladi. Sana'ar ta ja baya sannu a hankali, har farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Abin da aka bari shi ne kududdufai masu zurfi da tulin yashi da tsakuwa. Wannan darasi zai bayyana yadda ake raya irin waɗannan filaye domin namun daji su dawo.

Matsalar Ƙasar

A wajen haƙa, akan binne ƙasar sama mai taki, a fito da ta ƙarƙashi wadda ba ta da albarka. Da damina kuma ruwa ya zaizaye ɗan abin da ya rage. Dokar ma'adinai ta 1946 ta tanadi gyaran filayen da aka haƙa, aka kuwa baje wasu tuddan aka dasa bishiyar turare. Turare na saurin girma, yana ba da itace, amma yana shan ruwa da yawa, ganyensa ba ya saurin ruɓewa, ciyawa ba ta yalwa a ƙarƙashinsa. Saboda haka fili kan yi kore ba tare da dabbobi sun sami abinci ko mafaka ba.

Amfanin Ƙananan Itatuwa

Zomo da makwarwa da zabon daji ba dogayen bishiyoyi suke bukata ba, duhuwa suke nema kusa da ƙasa inda za su ɓuya su hayayyafa. Itatuwan gida irin su ɗunɗu da cizaki da tsada da gwandar daji su ne ke samar da ita. Saiwar ɗunɗu na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, ƙayarsa kuma na kare sheƙar tsuntsu. Tsuntsayen da suka ci 'ya'yan cizaki kan watsa irinsa ta kashinsu, wato su ma sun shiga aikin dashen.

Matakan Aiki

Da farko a baje tulin ƙasa, a zuba taki. Sai a shuka ciyawa domin ta riƙe ƙasa. Bayan haka a dasa itatuwan rukuni-rukuni a farkon damina, a kare su daga wutar daji da kiwo har su kafu. Wannan ba ya yiwuwa sai da yardar manoma da makiyayan wurin. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora alhakin gyaran fili a kan mai haƙa.

Kammalawa

Ba a auna nasarar gyara da yawan bishiyoyin da aka dasa, sai da irin halittun da suka dawo. Ya kamata malami ya cusa wa ɗalibansa wannan fahimta.

Auna Fahimta

1. Me ya sa turare bai wadatar da namun daji ba?
2. Kawo itatuwan gida uku na yankinku da amfaninsu ga dabbobi.